Saka sabon font a kwamfuta: tambayoyi da amsoshi ga masu rubutu da zane da Hausa

Masu buga katin ɗaurin aure, da masu haɗa fosta da kalanda, da ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, da marubutan littattafai, duk sukan kai inda haruffan da suka zo da kwamfuta ba sa isarsu. Sai mutum ya shiga intanet ya sauko da wani salon haruffa, abin da masu ɗab'i ke kira font. Saka shi a kwamfuta aiki ne na minti biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke biyo baya: ko font ɗin ya san ƙ da ɗ da ɓ, ko zai isa maɗaba'a yadda ka tsara shi, ko kuma kana da izinin neman kuɗi da shi. Shi ya sa amsoshin da suka shafi sakawa suka zo gajeru, waɗanda suka shafi haruffanmu kuma suka ɗauki tsawo.

Shi wannan font da na sauke, wane irin fayil ne?

Ƙaramin fayil ne da ke ɗauke da zanen kowane harafi da lamba da alama, haɗe da bayanin tazarar da za a bari a tsakaninsu. Ba manhaja ba ce da ake kunnawa. Ajiye shi ake yi a inda kwamfuta ta san za ta duba, daga nan Word da CorelDRAW da Photoshop da sauransu su riƙa ɗaukowa.

Dubi ƙarshen sunan fayil ɗin. Idan .ttf ne, wannan TrueType ke nan, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a 1991, Microsoft kuma ya ɗauke shi a Windows 3.1 a 1992. Idan .otf ne, OpenType ne, haɗin gwiwar Microsoft da Adobe da aka sanar a 1996. Dukansu biyu suna aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ga mai rubuta wasiƙa ko mai tsara fosta babu wani bambancin da zai hana shi barci. Idan mai font ya ba ka duka biyun, ka zaɓi ɗaya, kada ka saka su tare. Akwai kuma .ttc, wanda tarin font ne a fayil guda, shi ma ana saka shi kamar sauran.

Guda biyu ne za su ɓata maka lokaci. Na farko .woff da .woff2: na shafukan intanet ne, ba a saka su a kwamfuta yadda ake saka sauran. Na biyu tsofaffin .pfb da .pfm, waɗanda har yau ake samu a tsofaffin faya-fayan CD na maɗaba'u. Adobe ya daina karɓar irinsu a manhajojinsa tun Janairun 2023.

Ya zo mini a cikin ZIP. In danna shi daga ciki?

A'a, ka kwance shi tukuna. Ka ɗora linzami a kan fayil ɗin, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Extract All. A Mac danna shi sau biyu ya wadatar. Za ka samu folda mai fayiloli da dama, kuma sau da yawa akwai wata 'yar takarda mai suna OFL ko License ko Readme. Kada ka share ta, za mu zo kanta.

Idan ka ga fayiloli huɗu ko fiye masu suna iri ɗaya, ɗaya Regular, ɗaya Bold, ɗaya Italic, ɗaya Bold Italic, ba maimaici ba ne. Iyali guda ne, kowanne da zanensa. Wanda ya saka Regular kaɗai, in ya danna maɓallin kaurara rubutu, Word zai kumbura haruffan da ƙarfin tsiya, su fito a dagule, musamman a kan takarda. Ka saka su duka.

To yaya ake sakawa a Windows?

Hanya mafi sauri: ka zaɓi fayilolin duka, ka danna ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Install. A Windows 11, in ba ka ga abin da kake nema a jerin farko ba, ka danna Show more options. Haka nan kana iya danna fayil ɗin sau biyu, ya buɗe ya nuna maka samfurin haruffan, ka danna Install da ke can sama. Hanya ta uku ita ce ka shiga Settings, sai Personalization, sai Fonts, ka jawo fayilolin ka sake su a cikin akwatin da ke saman shafin.

Za ka lura akwai Install, akwai kuma Install for all users. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018 aka raba su. Na farko yana ajiye font a ɓangarenka kai kaɗai, a wata ɓoyayyiyar folda ƙarƙashin AppData, kuma ba ya neman izinin mai kula da kwamfutar. Na biyu yana kai shi C:\Windows\Fonts, inda duk mai shiga kwamfutar zai same shi, amma sai da izinin mai kula. In kwamfutarka ce, shawarata ka riƙa zaɓar na biyu, domin wasu manhajoji, musamman tsofaffin fitowa, ba sa leƙa foldar mutum ɗaya. In ta ofis ce ko ta makaranta da aka kulle, na farko ne zai fisshe ka.

A Mac da Linux fa?

A Mac ka danna fayil ɗin sau biyu, manhajar Font Book za ta buɗe, ka danna Install. Ita Font Book takan duba lafiyar fayil ɗin, ta kuma gaya maka idan kana da irinsa tun da. Naka kai kaɗai yana zama a ~/Library/Fonts, na kowa da kowa a /Library/Fonts.

A Ubuntu, wani nau'in Linux, da danginsa ma danna sau biyu yakan wadatar. Mai son yi da hannu ya kwafa fayilolin zuwa ~/.local/share/fonts, sannan ya buɗe tamina ya rubuta fc-cache -f -v domin kwamfutar ta sake ƙirga abin da take da shi.

Na saka, amma ban gan shi a Word ko Corel ba.

Yawancin manhajoji suna karanta jerin font ne a lokacin da ake kunna su. Ka adana aikinka, ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka sake buɗewa. In bai fito ba, ka kashe kwamfutar ka kunna.

In har yanzu shiru, abu uku za ka duba. Wataƙila sunan da ke jikin fayil ɗin daban yake da sunan da font ɗin ke amsawa; ka danna fayil ɗin sau biyu, sunan gaskiya yana layin farko na samfurin. Wataƙila ka saka shi a ɓangarenka kaɗai alhali manhajar ba ta duba can. Ka sake sakawa da Install for all users. Ko kuwa saukewar ce ta katse saboda raunin sabis, fayil ɗin ya zo a gutsure. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Idan Windows ta ce fayil ɗin ba ingantaccen font ba ne, ka sake sauke shi kafin ka zargi kwamfutarka.

Font ɗin ya yi kyau, amma ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati, ko su fito da wata siffa daban. Mene ne matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai rubutu da Hausa, kuma laifin ba na kwamfutarka ba ne, ba kuma na yadda ka saka ba.

Kowane harafi sai wani ya zauna ya zana shi. Mai zana font yakan fara da A zuwa Z, ya ƙara na Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, ya tsaya nan. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ, da kuma Ƴ ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y, kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode da duniya ta amince da shi. Amma samun lamba daban, samun zane a cikin wannan font ɗin daban. Yawancin font na ado da ake rabawa kyauta, irin masu kama da rubutun hannu da ake so a katin biki, ba su da ko ɗaya daga cikinsu.

Idan harafi ya ɓace, manhaja takan yi ɗayan biyu. Ko ta ajiye akwati ko gurbi a wurin, ko ta aro harafin daga wani font ba tare da ta gaya maka ba. Word ya fi yin na biyun, kuma shi ne ya fi haɗari, domin ido yakan wuce shi a kan allo. Ka ɗauki katin da aka rubuta “Ɗaurin Aure” da siririn rubutu mai lauje-lauje: sai ka ga “aurin Aure” duk ya kwanta gefe guda yana sheƙi, amma Ɗ ɗin farko ya tsaya ƙiƙam, mai kauri, ya ɗara sauran tsawo, ƙasansa ma bai zauna daidai da layin ba. A waya ba lallai a lura ba. Ranar da aka buga kati ɗari biyar a kan takarda mai ƙyalli, kowa zai gani.

Abin da wasu ke yi don guje wa wannan shi ne su cire lanƙwasar gaba ɗaya, su rubuta d a wurin ɗ, k a wurin ƙ. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Ƙasa daban, kasa daban. Ɓata daban, bata daban. Kuma mutumin da sunansa Ɗanladi ya cancanci a rubuta sunansa daidai a katin aurensa. Font ne ya kamata ya bi harshe. In wannan bai iya ba, akwai wanda ya iya.

Masu zane da suka ƙware sukan yi wata dabara in kanun rubutu ne na kalma biyu ko uku: su rubuta da D ko K, su mayar da rubutun zane, sannan su ƙera lanƙwasar da hannu daga wani sashe na harafin, yadda kaurinta zai dace da sauran. Wannan yana yi a fosta da tambari. Ba ya yi a littafi.

Yaya zan gane font yana da haruffanmu kafin in ɓata data da lokaci?

Kusan duk shafin da ke raba font yana da gurbin da za ka rubuta abin da kake so ka ga samfurinsa. Ka ajiye jimla guda a wayarka ko kwamfutarka da ta tattara haruffan duka, ka riƙa liƙa ta a wurin. Ga irinta:

Ɓaure ya ɓare a ɗakin Ɗantala na Ƙofar Ruwa, ƙanensa ya raba wa ƴaƴa. Ƴan unguwa sun biya ₦500.

Ka ƙara girmanta sosai, ka dubi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ka kwatanta ƙ da k, ɗ da d: kaurinsu ɗaya? Tsayinsu ɗaya? In font ɗin mai karkata ne, su ma sun karkata? Na sa alamar naira da gangan, domin ita ma takan ɓace, kuma mai buga rasit ko takardar farashi ba zai so ya gano haka a makare ba.

In ka riga ka saka font ɗin, Windows tana da wata tsohuwar manhaja mai suna Character Map da ke nuna abin da ke cikin kowane font. A Word kuma ka ɗora alamar rubutu daidai bayan ƙ ɗin ka dubi akwatin sunan font a sama. In sunan ya canza zuwa wani, aro aka yi. Kada ka manta da gwada Bold da Italic, don akan samu iyalin da Regular ɗinsa ke da haruffan amma sauran babu.

Malaman harshe da masu aikin ƙamus su ƙara da alamomin karin sauti da tsawon wasali, irin à da â da ā, da kuma r̃. Wannan na ƙarshe harafi ne da alama da ake ɗora masa, kuma a font mara inganci alamar takan zame gefe.

Waɗanne ne aka tabbatar suna da su?

Daga cikin na kyauta, Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su. Haka Charis da Gentium da Doulos da Andika, waɗanda ƙungiyar SIL ta yi musamman don harsunan da manyan kamfanoni suka yi wa ko-in-kula. Charis ya dace da cikin littafi, yana da kauri daidai da ba ya ɓacewa ko da firinta ta fara ƙarancin tawada. Gentium ya fi shi laushi da ado. Andika an zana shi ne don masu koyon karatu, haruffansa ba sa kama da juna, don haka ga mai shirya littafin firamare ko na yaƙi da jahilci shi nake fara ambata. DejaVu Sans, wanda ke zuwa da yawancin Linux, shi ma yana da su.

Arial da Times New Roman da Segoe UI da ke cikin Windows ta yanzu suna da haruffan. Amma kwafinsu na zamanin Windows XP ba haka yake ba, saboda haka kada ka kwaso tsohon Arial daga wata tsohuwar kwamfuta ka danne sabon da shi.

Idan na saka font mai ƙ, shi ke nan zan iya buga ƙ?

A'a. Font nunawa yake yi, bugawa aikin allon madannai ne. Windows tana da tsarin madannai na Hausa da za ka ƙara daga saitin harshe. Akwai kuma manhajar Keyman ta kyauta. A waya Gboard yana da Hausa. In kana cikin Word kuma kana sauri, ka rubuta lambar harafin ka danna Alt da X tare: 0199 ya ba ka ƙ, 0198 Ƙ, 0257 ɗ, 018A Ɗ, 0253 ɓ, 0181 Ɓ, 01B4 ƴ, 01B3 Ƴ, 20A6 kuma ₦. Ka bar tazara kafin lambar in harafin da ya gabace ta yana tsakanin a da f ne, don kada Word ya haɗa shi cikin lissafi, daga baya ka goge tazarar.

Wani ɗan abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya a littattafai da yawa: Word yakan juya alamar da ke farkon 'yan da 'ya'ya ta koma ta buɗe zance, ta fuskanci inda bai kamata ba. Ba laifin font ba ne, gyaran kai-tsaye ne na Word. Da zarar ya juya ta, danna Ctrl da Z sau ɗaya yana mayar da ita miƙaƙƙiya.

An turo mini tsohon rubutu, ina ganin }asa da ]aya da ~angare. Wane font zan saka?

Wannan rubutu ne daga zamanin da kwamfutocinmu ba su da hanyar nuna haruffa masu lanƙwasa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera font na Hausa, waɗanda aka fi sani da Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa marubuta da maɗaba'u da gidajen jarida hidima ba kaɗan ba. Dabarar irin waɗannan font ita ce a ɗauki gurbin alamomin da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana haruffanmu a ciki. Kai kana ganin ƙ a allo, amma abin da kwamfuta ta adana } ne. Muddin font ɗin yana nan, lafiya lau. Ranar da rubutun ya je kwamfutar da ba ta da shi, ko aka ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu.

Kana iya nemo tsohon font ɗin ka saka, rubutun ya karantu. Amma in rubutu ne mai daraja, gara ka juya shi zuwa Unicode sau ɗaya ka huta. Ka yi kwafin fayil ɗin tukuna. A Word ka danna Ctrl da H, ka riƙa musanyawa ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka fi gani shi ne } a matsayin ƙ, { a matsayin Ƙ, ] a matsayin ɗ, [ a matsayin Ɗ, ~ a matsayin ɓ, | a matsayin Ɓ, amma ka karanta shafi ɗaya ka tabbatar, don ba kowane tsohon font ne ya bi tsari ɗaya ba. Ka kula da wuraren da marubucin ya yi nufin baka ta gaskiya, kamar a cikin nassoshi. Bayan ka gama, ka zaɓi rubutun duka ka mayar da shi Charis ko Noto Serif.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan: rubutun da aka adana da } ba ya fitowa idan an nemi “ƙasa” a Google ko a cikin fayil ɗin kansa. Akwai kundaye da maƙaloli da littattafai masu yawa da ke kwance a haka. Sabon aiki kam, kada a fara shi da tsohon tsari.

Akwai font na ajami?

Akwai, kuma ana saka su kamar kowane font. SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, mai kauri irin na alƙalamin kara, ya dace da kanu da bangon littafi. Akwai Harmattan, wanda ya fi sauƙi a ido idan rubutun mai tsawo ne, an yi shi don harsunan Afirka ta Yamma. Akwai Ruwudu, da ya bi salon rubutun Mangawa na Nijar. Duka ukun kyauta ne.

Abin da ya raba su da font na Larabci da aka saba shi ne sun san al'adar rubutun Warshu da aka gada a makarantun allo: fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, ɗigon yamala a ƙarƙashin harafi, da harafin tsa, wato ط mai ɗigo uku. A 2016 Unicode ta ƙara wa fa da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu na kansu. Mai son rubutun Larabci irin na bugun Hafsi kuma, Amiri ko Scheherazade New za su yi masa.

Sai dai font kaɗai ba ya isa. Dole ka ƙara madannan Larabci ko na ajami, ka kuma sa sakin layin ya tashi daga dama. Idan ka ga haruffa sun rarrabu ba su haɗe ba, ko sun jeru daga hagu, manhajar ce ba a kunna mata saitin rubutun dama zuwa hagu ba.

Na kai aikina shagon bugawa, komai ya wargaje. Me ya faru?

Fayil ɗin Word ko Corel sunan font kawai yake ɗauka, ba font ɗin kansa ba. Kwamfutar shagon ta nemi sunan ta rasa, ta sa wani a madadinsa. Faɗin haruffa ya canza, layuka suka zame, shafi 80 ya koma 86, jadawalin abin da ke ciki ya daina dacewa.

Maganin da ya fi kowanne shi ne PDF. Ka fitar da shi daga kwamfutarka, ka buɗe a Acrobat Reader, ka shiga File, sai Properties, sai Fonts, ka tabbatar kowane suna yana da Embedded a gefensa. In dole sai fayil ɗin Word za ka bayar, ka shiga File, Options, Save, ka kunna Embed fonts in the file. Wannan ya fi tafiya da .ttf, kuma sai font ɗin da mai shi ya yarda a cusa shi. A CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane. A Illustrator Ctrl da Shift da O. Amma ka adana kwafi guda kafin ka yi haka, domin rubutun da ya koma zane ba ya gyaruwa, kuma mai biki yana iya kira da dare ya ce an ɗaga rana.

Ko da ka yi duk wannan, ka nemi a buga maka kwafi ɗaya ka riƙe a hannu, ka bi sunayen mutane da na unguwanni da yatsa, kafin a saki injin.

Tunda kyauta na sauke, ina iya yin aikin kuɗi da shi?

Ba kullum ba. Nan ne 'yar takardar nan ta cikin ZIP ke da amfani. In ka ga OFL, lasisin da SIL ta fitar wanda yawancin font na Google Fonts ke ƙarƙashinsa, kana iya buga littafin sayarwa, ka yi tambarin kamfani, ka ba abokinka, har ka gyara zanen bisa sharuɗɗansa. Abin da ya hana shi ne ka sayar da font ɗin shi kaɗai. In kuwa ka ga an rubuta Free for personal use, kamar yadda yake a kan da yawa daga na shafin DaFont, to na amfanin kanka ne. Fostar da aka biya ka kuɗinta ta fita daga ciki, sai ka sayi izini. Demo kuma ɗanɗano ne, sau da yawa an cire lambobi ko wasu haruffa.

Na san a kasuwa ana yawo da filashi mai dubban font, kowa ya kwafa. Amma font ɗaya mai kyau yakan ci wa mai zana shi watanni, wani ma shekaru. Haƙƙi ne. Mu da muke kuka idan an kwafi littafinmu ko zanenmu ba izini, bai kamata mu yi wa wani haka ba, balle ga na halal nan birjik.

Font na iya shigo da cuta cikin kwamfuta?

Yana iya yiwuwa, ko da yake ba kasafai ba. A 2011 an gano wata muguwar manhaja mai suna Duqu da ta riƙa shiga kwamfutoci ta wani font na TrueType da aka cusa a fayil ɗin Word. An toshe wannan ƙofa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa bai kamata a bar Windows ba sabuntawa ba.

Haɗarin yau da kullum ya fi wannan sauƙin ganewa. Font ba ya zuwa a .exe. Duk shafin da ya ce sai ka saka wata manhaja kafin ya ba ka, ka fita. Ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil a File Explorer, don kada a ba ka wani abu.ttf.exe ka ɗauka font ne. Ka kuma yi hattara da manyan maɓallan Download masu walƙiya, yawancinsu talla ne.

In na tara da yawa, kwamfuta za ta yi nauyi? Yaya ake cirewa?

Ɗari biyu ko uku ba komai ba ne ga kwamfutar yanzu. Dubbai kam suna sa Corel da Photoshop jinkirin tashi, kai ma ka ɓata lokaci kana gangara jeri. Ka ajiye tarinka a wata folda daban, ka riƙa saka wanda aiki ya nema. Cirewa a Windows: Settings, Personalization, Fonts, ka danna sunan, ka zaɓi Uninstall. A Mac daga Font Book ake cirewa ko a dakatar. Wanda ka tarar a kwamfutar tun farko, irin Segoe UI, ka ƙyale shi, da shi Windows ke rubuta nata bayanan.

Na ga fayil mai VariableFont a sunansa, da wata folda static. Wanne zan ɗauka?

Na farkon sabon tsari ne da ya fito a 2016, fayil ɗaya da ya ƙunshi kauri iri-iri tun daga siriri har zuwa jibgege. Sababbin manhajojin zane suna sarrafa shi da kyau. Word da tsofaffin Corel kuwa sukan rikice. In kana shakka, ka buɗe static ka saka waɗanda ke ciki, ka bar ɗayan.

Zai fito a Google Docs, ko Canva, ko a wayata?

Google Docs ba ya duba abin da ka saka a kwamfuta, daga nasa jerin yake zaɓa. Ka danna akwatin font, sai More fonts, ka nemo Noto ko Andika a can. Canva yana karɓar font daga waje ga masu biyan kuɗi. A wayar Android ba a cika saka font ya game dukkan manhajoji ba, amma manhajojin zane irin PixelLab suna barin ka ɗauko .ttf daga ma'ajiyar waya, ya yi aiki a cikinsu kaɗai. Ka kwance ZIP ɗin tukuna, ka lura da foldar da fayil ɗin ya sauka, sannan ka liƙa jimlar gwajin nan ka duba ƙ da ɗ da ɓ kafin ka fara tsara aikin.